Kafin ka biya kuɗin katakon tik, dubi bakin falankin

Ana yawan kawo mana ƙorafi a nan Gombe: an yi ƙofa ko gadon amarya da katakon tik (teak a Turance), an biya kuɗi mai tsoka, amma kafin damina biyu gara ta shiga ko katakon ya tsage. Sai a ce ai jabu ne. Sau da yawa tik ɗin ne na gaskiya, sai dai daga ɓangaren itacen da ba shi da ƙarko aka yanko shi.

Asalin wannan itace daga Indiya, Bama, Tailan da Lawos yake. A zamanin Turawan mulki aka kawo shi Najeriya, aka dasa a gandun daji irin su Olokemeji da Gambari a ƙasar Yarbawa, daga baya kuma Nimbiya a kudancin Kaduna. Saboda haka tik ɗin da ke shigowa kasuwar katako ta Gombe ko ta Muda Lawal a Bauchi na shuka ne, kuma galibi ana sare shi yana da shekara 20 zuwa 30, wani ma bai kai ba. Na dajin Bama da ya yi suna a duniya yakan haura shekara 60 kafin a taɓa shi.

Idan aka yanke gungume za a ga kala biyu. Ciki ruwan zuma ne zuwa ruwan ƙasa, shi ne zuciyar itacen. A nan man tik yake taruwa, wanda ke hana ruwa shiga, yake kuma korar gara. Daga waje, ƙarƙashin ɓawo, akwai zobe fari mai kaurin santimita 2 zuwa 5. Wannan farin ba shi da man kirki, yana ɗauke da sitaci, abincin ƙwaron da ke huda katako ya bar gari kamar fulawa. 'Yan kasuwa na kiran zallar zuciyar babban itace lamba ɗaya, wato A. Wanda aka yanko daga gefen zuciya, kalarsa ba ta daidaita ba, mai ɗan ƙulli, shi ne B. Mai yawan fari kuwa C ne. Wannan rabo na kasuwa ne, ba hatimin hukuma ba, don haka idonka ne shaidarka.

Girman gungumen na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ɗauki gungume mai faɗin santimita 20, farinsa santimita 3 ta kowane gefe: zuciyar ba ta kai rabin katakon ba. Mai faɗin santimita 50 da fari iri ɗaya, fiye da kashi uku cikin huɗu zuciya ce. Shi ya sa ƙananan itatuwan da ake cirewa don rage cunkoso a gandu ba sa ba da falankin ƙofa, komai arharsu. Akwai kuma bargon da ke tsakiyar gungume. Falankin da bargo ya ratsa zai tsage ta nan idan ya bushe, ko da kalarsa ta burge ka.

A rumfa, fara da bakin falanki, ba fuskarsa ba, domin fuska ake shafa wa kala. Sa a kankare maka wuri kaɗan. Tik mai kyau yana da maiƙo a hannu, yana ƙamshi kamar na fata, kuma ɗigon ruwa kan tsaya a kansa. Farin nan take yake shanye ruwan. Sannan ka ɗaga: cikakken falanki mai inci 1, faɗi inci 12, tsawo ƙafa 12, idan ya bushe yakan kai kilo 18. Malaina mai wannan girma ba ta wuce kilo 13 zuwa 14, ana kuma iya rina mata kala a sayar da sunan tik.

Bushewa ce ke kayar da ko lamba ɗaya a yankinmu. Katako na tasowa daga kudu da ruwa a jikinsa, a haɗa kujera da shi a watan Agusta, hunturu na busawa a Janairu sai mahaɗai su buɗe. Don guje wa haka, kafin a yi aiki a jera falankan a inuwa, a ɗaga su daga ƙasa kamar santimita 45, a sa 'yan sanduna masu kaurin inci 1 tsakaninsu kowane santimita 60, sandunan su hau kan juna a layi ɗaya. A shafa fenti a bakunan biyu don kada su riga tsakiya bushewa, a ɗora nauyi a sama. Mai na'urar auna danshi kada ya fara aiki sai ta nuna kashi 12 cikin ɗari ko ƙasa da haka.

Kafintoci, man nan yana hana gam kamawa, don haka a goge mahaɗa da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, kafin a shafa gam ɗin. A huda rami kafin a buga ƙusa kusa da baki. Tik na ɗauke da sinadarin yashi mai dakusar da zarto, a riƙa wasawa a kai a kai. Ƙurarsa kuma tana sa wasu ƙaiƙayi da tari, a rufe hanci da takunkumi.

Ba kowane aiki ne ke buƙatar A ba. Ƙofar waje, firam ɗin taga da bencin tsakar gida su ne suka cancanci kuɗinsa. B ya wadatar ga gado da durowa a cikin ɗaki. C kuwa sai an shafa masa maganin gara, a yi amfani da shi inda ba ya taɓa ƙasa ko jiƙaƙƙen bango, kuma kada a biya shi da farashin zuciya.