Waiwaye: Yadda sikeli ya zama alƙali a tseren keke

Tun da aka rufe gasar Tour de France ta mata a farkon watan Agustan 2025 ake ka-ce-na-ce a duniyar tseren keke. Babu mai musu a kan wadda ta ci. Kowa ya ga yadda Pauline Ferrand-Prévot ta sulale ta bar sauran mata a hawan dutsen Col de la Madeleine, ta kuma ƙare gasar da riga mai ruwan ɗorawa, rigar mai jagorantar gasa, a jikinta. Jikin nata ne ya zama abin magana. Da bakinta ta ce ta rage kimanin kilo 4 tsakanin watan Afrilu, lokacin da ta lashe tseren Paris-Roubaix, da lokacin fara gasar. Ta ce masana abinci na sa mata ido, kuma ba ta da niyyar dawwama a haka. Demi Vollering, wadda ta zo ta biyu, ta sha tambayoyin 'yan jarida kan nata nauyin, ta nuna musu cewa lafiyarta ce gaba da komai. Daga nan wasu suka fara kiran a wajabta gwajin lafiya, wasu kuma suka ce ai maza sun shekara da shekaru suna ramewa ba wanda ya ɗaga musu murya.

Mai sauraron wannan muhawara zai ɗauka jiya abin ya faro. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Farkon labarin sananne ne. A 1903 aka fara Tour de France da zango shida, Maurice Garin ya cinye. Giro ta Italiya ta biyo baya a 1909, Vuelta ta Sifaniya a 1935. A 1910 aka shigar da manyan tsaunukan Pyrenees cikin hanya, shekara guda bayan haka aka ƙara da na Alps, kuma a 1952 aka fara ƙare zango a kan ƙololuwar dutse, inda Fausto Coppi ya riga kowa isa saman Alpe d'Huez. Tun daga lokacin kowa ya san mara nauyi ya fi jin daɗin hawa. Shi ma babin ƙwayoyin ƙara kuzari an karanta shi har an haddace: mutuwar Tom Simpson a kan Mont Ventoux a 1967, zuwan sinadarin EPO mai ƙara jini a shekarun 1990, abin kunyar da ya girgiza gasar 1998. Duk mai son bayanin matsalolin wannan wasa a nan yake tsayawa, shi ya sa ba zan daɗe a nan ba.

A zamanin da, da ido ake auna ɗan tsere. Mai horarwa zai dube shi a farkon kaka, ya mintsini fatar cikinsa ko ta damtsensa, ya ce akwai sauran kitse. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai hukuncin ido ana iya musa shi. Ɗan tsere zai iya cewa shi dai yana jin ƙarfi a ƙafarsa, a bari a gani a hanya. Kuma hanya takan gaskata shi. Miguel Indurain, dogo mai kusan kilo 80, ya ci Tour sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995. Yakan tara ratar mintuna a zangon tsere da agogo, inda kowa ke gudu shi kaɗai, sannan in an zo dutse ya lallaɓa ya tsare abinsa.

Abin da ya sauya lissafin ƙarami ne, ba ya cika tafin hannu, kuma ba kasafai ake ambatonsa a tarihin wannan matsala ba. A tsakiyar shekarun 1980 wani injiniya a Jamus ya ƙera na'urar da ake dasawa a gindin feda, wajen da haƙoran sarƙa suke. A cikinta akwai wasu siraran ma'aunai da ke jin ɗan lanƙwasar da ƙarfe ke yi duk lokacin da ƙafa ta danna. Na'urar ta haɗa ƙarfin dannawar da saurin juyawar feda, ta fitar da lamba ɗaya a ɗan allon da ke kan kan keke: wat, wato ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke fitarwa. Kafin ita, abin dogaro shi ne agogo da bugun zuciya, kuma dukansu suna da ruɗi. Iska na iya taimakon agogo ko ta cuce shi. Bugun zuciya yakan hau saboda zafin rana ko kofi ko rashin barci. Wat kuwa ba ruwansa da wannan, abin da ƙafa ta bayar shi yake faɗa. Greg LeMond na cikin manyan da suka fara amfani da ita. Da farko tsada ta sa sai ɗaiɗaiku ke da ita, amma kafin a kai ƙarshen shekarun 2000 da wuya ka ga keken ƙwararre babu ita.

A wajen horo alheri ce babba. Ta hana mutane kashe kansu da atisayen da ba shi da amfani, ta nuna wa mai horarwa ranar da ɗan wasansa ya gaji tun kafin shi ya sani. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da aka yi da lambar bayan an same ta. A shimfiɗaɗɗiyar hanya iska ce abokiyar gaba, don haka yawan wat ɗin shi ne magana, ƙato ma yana da ranarsa. A kan dutse kuwa nauyi ake ɗagawa sama, sai a raba wat da kilo. Mai bayar da wat 400 da nauyin kilo 70 yana da 5.7 a kowane kilo. In ya sauko zuwa kilo 65 bai rasa ƙarfi ba, ya koma kusan 6.2. A idon wanda ba ya bin wasan rabin lamba ce. A cikin wasan ita ce tazarar da ke tsakanin mai ɗauko wa wasu gorar ruwa daga motar ƙungiya da wanda ake ɗauko wa.

Ɗauki Alpe d'Huez: kilomita 13.8, lanƙwasa 21, gangara ta kusan kashi 8 cikin ɗari. Gwanaye na hawansa a cikin minti 40 ko ƙasa da haka. Mutum da kekensa da kayansa in sun kai kilo 75, kilo ɗaya ya zama kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari na abin da ake ɗagawa, wato wajen rabin minti a wannan hawa kaɗai. To a 1989 da daƙiƙa 8 LeMond ya doke Laurent Fignon bayan mako uku ana fafatawa. A 2024, a kan wannan dutsen na Alpe d'Huez aka ƙare gasar mata, kuma da daƙiƙa 4 Kasia Niewiadoma ta doke Vollering. Wanda ya rasa gasa da daƙiƙa 4 ba sai an ce masa komai ba, da kansa zai je ya tsaya gaban sikeli.

Shi wannan lissafi hawa biyu gare shi, na sama shi ne wat, na ƙasa kuma kilo. Na saman taurin kai gare shi. Ƙwararren da ya kai ganiyarsa zai shekara yana wahala, yana kwana a sansanin kan tsauni, bai ƙara abin a zo a gani ba. Na ƙasan kuwa cikin 'yan makonni ake taɓa shi, kuma ba ya buƙatar kuɗi ko izinin kowa, cokali kawai za a ajiye da wuri.

Da can akwai wata ƙofa, ita ce rage nauyin keken. A shekarar 2000 aka kafa dokar cewa keken tsere ba zai gaza kilo 6.8 ba, don a lokacin ana ta fafe ƙarfe da sabon sinadarin kabon har ana tsoron keke ya karye da mutum a gangara yana gudun kilomita 90 a awa. Doka ce ta kare rai, kuma da hujjarta. Amma ba a jima ba masu ƙira suka iya yin keke mai ƙwari da bai kai wannan nauyi ba. Sai aka shiga wani yanayi mai ban dariya da ban tausayi: da safe makanike na cusa 'yan ƙarafa a cikin bututun keke don ya cika 6.8, a ɗakin cin abinci na otal ɗin kuma mai keken na ɗora farantinsa a kan ɗan sikelin kicin yana kwashe taliya cokali-cokali. Da aka fara bin diddigin jinin 'yan tsere a kai a kai daga 2008, ƙofar maguɗi ma ta ƙuntata, kuma haka ake so. Abin da ya rage a hannun mai neman ya ƙara lambarsa ta halal shi ne naman jikinsa.

Hanyoyin gasar su ma sun karkata. Vuelta ta shigo da dutsen Angliru a 1999, inda gangara ke haura kashi 20 cikin ɗari a wasu wurare, Giro ta kawo dutsen Zoncolan a 2003. 'Yan kallo na son ganin gwanaye suna tangaɗi a kan bango. A zamanin Indurain tsere da agogo na mutum ɗaya kan wuce kilomita 100 a gasa guda, a Tour ta 2015 kuwa kilomita 13.8 ne kacal.

Daga nan misalai suka yi ta zuwa, kuma duk na nasara ne, abin da ya sa suka yi tasiri ke nan. Bradley Wiggins ya baro tseren cikin zaure da lambobin zinare na Olamfik, ya zubar da kilo masu yawa, ya ba kowa mamaki a duwatsun 2009, ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya ci Tour a 2012. A ƙarshen 2015 Chris Froome ya fitar da sakamakon gwaje-gwajensa don amsa masu shakka. A gwajin 2007 nauyinsa ya haura kilo 75, a gasar 2015 yana wajen 67, alhali ƙarfin da yake iya riƙewa na dogon lokaci kusan bai motsa ba, yana nan wajen wat 420. Shi yana kare kansa ne daga zargi, amma duk matashin da ya karanta takardar darasi ɗaya ya ɗauka.

Gaskiya ne yunwar ta girmi yaɗuwar na'urar. Leontien van Moorsel ta Holan ta ci babbar gasar mata ta Faransa a 1992 da 1993, sannan cutar ƙin cin abinci ta fitar da ita daga wasan a 1994. Ta yi jinya, ta dawo da cikakken jiki, ta kwashi zinare uku a Olamfik ɗin Sydney a 2000. Na'urar ba ta haifi matsalar ba, amma ta ba ta takardar shaida. Abin da a da ake kira camfin tsofaffin masu horarwa ya koma lissafi mai alƙaluma, wanda ake buɗewa a kwamfuta ranar da ake maganar sabunta kwantiragi. Dominik Nerz na Jamus ya ajiye keke a 2016 yana ɗan shekara 27, daga baya ya bayyana yadda ƙin cin abinci ya cinye shi. Janez Brajkovič na Sloveniya, wanda ya zo na tara a Tour ta 2012, ya faɗa a 2019 cewa ya daɗe yana fama da cutar ci a amayar. Waɗannan su ne suka yi magana.

Likitoci sun daɗe da sanin illar a jikin mata: ɗaukewar jinin al'ada da raunin ƙashi. A 2014 masanan kwamitin Olamfik na duniya suka faɗaɗa bayanin suka sa masa suna RED-S, wato jiki na ƙona abin da ya fi wanda ake ba shi har ya fara rufe wasu ayyukansa don ya tsira, kuma suka ce maza ma ba su tsira ba. Sinadaran jiki su ragu, garkuwa ta yi rauni, barci ya lalace, ƙashi ya zama kamar busasshen kara. Ga shi keke wasa ne da ba ya ɗora wa ƙashi nauyi, ga faɗuwa ba ta ƙarewa. Ɗan tsere a Tour na ƙona wajen kalori 6,000 a rana, a zangon duwatsu ya fi haka nesa. Wahalar abin ita ce a makonnin farko na ramewa lambar kan allo hawa take yi, mutum ya ji kamar yana tashi sama. Bashin sai daga baya yake zuwa.

An samu sauyi a 'yan shekarun nan, ba za a ƙi faɗa ba. Bincike ya nuna hanji na iya karɓar sukari fiye da yadda aka zata in an gauraya iri biyu, sai abin da ake ci a kan keke ya tashi daga giram 60 a awa zuwa 90, yanzu har 120. An daina yabon mai fita atisayen awa biyar da ruwa kawai a gora. Ƙungiyoyi na yawo da motar girki da masu dafa abinci, gudun gasar kuma ya haura kilomita 42 a awa. Jonas Abrahamsen na Norway ya taɓa matse kansa zuwa wajen kilo 60 don ya zama mahayin dutse, bai kai ko'ina ba. Da ya saki jiki ya ci abinci ya ƙara kusan kilo 20, ya ci zango na 11 a birnin Toulouse a Tour ta 2025.

Sai dai zango ya ci, ba gasar ba, kuma a rana marar manyan tsaunuka. Su kuma giram 120 ɗin awo ne, manhajar waya ce ke faɗa wa mutum adadin shinkafar da zai ci da dare gwargwadon wat ɗin da ya ƙona da rana. A hannun ƙungiya mai likita da masanin abinci wannan kariya ce. Amma lambar ta riga ta fita daga hannunsu. Egan Bernal ya ci Tour yana da shekara 22, Tadej Pogačar yana da 21, don haka masu farautar sabbin taurari sun koma duba bayanan yara 'yan shekara 16 da 17 ta intanet, kuma wat a kowane kilo na cikin abin da ido ke fara sauka a kai. Yaron da ke ɗakinsa yana da na'urar, yana da sikelin, ya iya rabawa, likitan ne ba shi da shi.

Wasu wasannin sun taɓa tsayawa a wannan mararraba. Masu tsalle da allon ƙanƙara sun ɗaure tsawon allon da nauyin jiki tun 2004, wanda ya rame fiye da kima a rage masa allo, ribar ramewar ta ragu. Masu gasar hawan bango sun shigo da gwajin RED-S kafin shiga gasa a 2024. A keke ana ta jefa shawarwari: a auna ƙwarin ƙashi duk shekara, a duba sinadaran jini, a ba likita ikon dakatar da ɗan wasa ko ƙungiya ba ta so. Masu adawa na cewa jiki ba iri ɗaya ba ne, akwai wanda Allah ya halitta siriri, kuma duk iyakar da aka gindaya za ta zama sabuwar lambar da kowa zai yi ta ƙoƙarin tsayawa daidai bakinta, kamar yadda aka yi da 6.8.