Me Ake Nufi da Juyin Juya Halin Masana'antu?

Yanzu da wuya a yi babban taro kan tattalin arziki ko fasaha a watse ba a ji wani ya ambaci "juyin juya halin masana'antu na huɗu" ba, musamman idan zance ya biyo ta kan ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi. Klaus Schwab, wanda ya kafa taron tattalin arzikin duniya na Davos, shi ya yayata laƙabin a 2016. Wanda kuwa ya ji na huɗu, dole ya tambayi ina na farko.

Masana'anta daga sana'a ta fito, kamar yadda makaranta ta fito daga karatu, maƙera kuma daga ƙira. Wurin sana'a ke nan. Shi kuwa juyin juya hali an fi saninsa a siyasa, irin na Faransa a 1789, wanda ya yi awon gaba da sarauta. Wannan da muke magana a kansa bai tuɓe rawanin kowa ba, ba shi ma da ranar farawa. Sauyi ne da ya kunno kai a Ingila wajen 1760, ya ɗauki kusan shekara 80 yana tafiya, inda aikin da ake yi da hannu a cikin gida ya koma na inji a ƙarƙashin rufi ɗaya. Akasarin waɗanda suka rayu a cikinsa ba su san shi da wannan suna ba, sai da aka buga laccocin masanin tarihi Arnold Toynbee a 1884 sannan sunan ya bazu a Ingilishi.

Daga zare abin ya faro. A da, ɗan kasuwa ne ke kai wa iyalai ulu ko auduga har ƙauye, mata su kaɗa, maza su saƙa, ya dawo ya karɓi yadi ya biya. Matsalar ita ce masaƙi guda yana cinye zaren masu kaɗi da yawa. Wajen 1764 James Hargreaves ya ƙera na'urar da mutum ɗaya ke juya mazari takwas a lokaci guda. Ta Richard Arkwright kuwa ta fi ƙarfin ɗaki, ruwa ne ke juya ta, don haka a 1771 ya gina mata katafaren gida a bakin rafi a Cromford. Tun da inji ba zai je gidan ma'aikaci ba, sai ma'aikaci ya zo gidan inji. Da James Watt ya gyara injin tururi, wanda a da aikinsa zuƙe ruwa ne daga ramukan haƙar kwal, sai masana'anta ta daina dogara da rafi, ta tare a birni, jama'a suka bi ta. Ƙidayar 1851 ta nuna fiye da rabin mutanen Ingila da Wales a birane suke zaune, Manchester kaɗai ta haura mutum 300,000.

A ganina, abin da ya fi juya halin mutane ba injin ba ne, ƙararrawar da ke bakin ƙofa ce. Masaƙin gida yadi yake sayarwa. Idan ya ga dama ya huta yau, gobe ya raba dare yana aiki, idan kaka ta yi ya ajiye saƙa ya tafi girbi. Ma'aikacin masana'anta kuwa lokacinsa yake sayarwa, awa 12 ko fiye a rana, kwana shida a mako, wanda ya makara a yanke masa lada. Da yake agogo ya fi ƙarfin talaka, har sana'a aka samu ta masu tada mutane daga barci: mutum ya bi layi da asuba da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagogi, a biya shi. Jirgin ƙasa ya zo ya ƙarasa aikin. A da kowane gari da nasa lokacin bisa tsayuwar rana, sai kamfanonin jirgi suka fara aiki da lokacin Landan daga 1840, a 1880 kuma doka ta ɗora ƙasar duka a kan lokacin Greenwich. Maganar "zan tafi aiki" da "na tashi daga aiki", da raba gida daban wurin nema daban, a nan suka yi jijiya.

Abin mamaki, wurin da muke kira gidan sana'a shi ya farfasa sana'a. Masanin tattalin arziki Adam Smith ya kawo misali a 1776 da masu yin fil: an rarraba aikin kashi-kashi, wannan ya ja waya, wancan ya yanka, wani ya feƙe tsini, har mutum goma suna fitar da fil 48,000 a rana. Henry Ford, mai kamfanin mota a Amurka, ya kai abin maƙura a 1913, inda mota ke tafiya a kan layi ma'aikaci na tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya. Haɗa gangar mota ya sauko daga awa 12 da 'yan kai zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Amma gundura ta sa ma'aikata suna ta guduwa, har a 1914 ya ɗaga lada zuwa dala 5 a rana don ya riƙe su.

Ba a sha da daɗi ba. Yara ƙanana ne ke rarrafawa ƙarƙashin inji suna tsince auduga, don ladansu kaɗan ne. Dokar 1833 ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 9 a masaƙu, ta ce masu shekara 9 zuwa 13 kada su wuce awa 9 a rana, sai dai sufeto huɗu kacal aka naɗa wa ƙasar baki ɗaya. Ta 1842 ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ramin haƙar ma'adinai. Tun kafin nan, daga 1811, masu sana'ar hannu da ake kira Luddites sun riƙa farfasa injuna cikin dare, gwamnati ta sanya wa laifin hukuncin kisa a 1812. Ana yawan ɗaukarsu a matsayin wawaye masu gudun ci gaba, alhali mutane ne da suka ga abincinsu na suɓucewa. Audugar da ke ciyar da masaƙun Manchester kuma, mafi yawanta bayi ne ke noma ta a kudancin ƙasar Amurka, yadin da ke fita kuwa ya durƙusar da masaƙa da dama a Indiya. Sutura ta yi araha ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma an daɗe kafin ma'aikaci ya gani a ƙwaryarsa.

Ƙirgen da ake yi yau mai sauƙi ne: na farko tururi da kwal, na biyu lantarki da ƙarfe a ƙarshen ƙarni na 19, na uku kwamfuta da intanet, na huɗu shi ne wanda ake cewa muna ciki, kodayake wasu masana na ganin ci gaban na uku ne kawai. Awa takwas ɗin da ma'aikacin ofis ke lissafawa ma gadon na farkon ne. Robert Owen, mai masaƙa a New Lanark, ya yi kiran awa takwas aiki, takwas shaƙatawa, takwas barci tun 1817. Yajin aikin Chicago na watan Mayun 1886, wanda ya haifar da Ranar Ma'aikata, a kan wannan buƙata aka yi shi. Sai a 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa shi a yarjejeniyarta ta farko: awa 8 a rana, 48 a mako.