Iyaye, ku daina miƙa wa yara salula da dare su kalli finafinan ban tsoro

A ƴan watannin nan, a ɗakin shan magani inda nake aiki a nan Maradi, ana yawan kawo mini yara da ƙorafi iri ɗaya: yaro yana firgita cikin barci, yana tashi da kururuwa, ba ya yarda ya zagaya bayan gida shi kaɗai da zarar magariba ta yi, wani ma da ya bar fitsarin kwance tun yana shekara 4 sai ga shi ya koma yi yana shekara 8. A auna jiki, babu zazzaɓi. Idan na tambayi uwar abin da yaron yake kallo kafin ya kwanta, sai ta yi shiru, can ta ce salular yayansa ce yake ɗauka, ko kuma ita da kanta take ba shi don ya ƙyale ta ta gama aikin tuwo. A buɗe salular, sai ka tarar an cika ta a wurin masu tura finafinai da na matsafa, da na fatalwa, da na masu shan jini.

Ni ban ce finafinan nan ba su da ma'ana ba, domin babba mai hankali yana iya tsintar darasi a cikinsu. Mutumin da ya sayar da jinin ɗan'uwansa don ya yi kuɗin dare ɗaya, ƙarshensa haukacewa yake yi, kuma wannan gargaɗi ne a kan kwaɗayi da dukiyar haram. Fatalwar da take hana mutanen gida sakat, galibi wadda aka zalunta ce aka rufe maganar, wato alhaki ne yake bin masu shi. Mu ma mun tashi da irin wannan, ai Dodo na tatsuniya sau da yawa yarinya mai taurin kai da ta ƙi jin maganar iyaye yake haɗiyewa. To amma ku tuna yadda ake yi mana tatsuniya: kaka tana zaune a tsakar gida, yaro yana jingine da ita, tana kallon fuskarsa, in ta ga ya tsorata sai ta sassauta murya ko ta sako Gizo a yi dariya, sannan ta rufe da ƙurunƙus kan kusu, kowa ya san wasa ya ƙare. Salula ba ta duban fuskar yaro. Ƙaramin yaro bai gama bambance abin da aka shirya da abin da yake na gaske ba, shi ya sa darasin yake wuce shi, jinin da ƙarar da muguwar fuskar kuwa su zauna masa a kai har cikin barci.

Wallahi abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, da hannunku kuke miƙa salular. Kun ba yaro abin da ya firgita shi, ya jiƙa tabarma, kuma da safe ku ɗauki bulala, ku kira shi amalala a gaban ƙannensa. Wasu sun ce iska ce ta taɓa shi, an yi hayaƙi, an kashe kuɗi, amma salular tana nan a hannunsa kowane dare. Addu'ar kwanciya barci abu ne mai kyau, ku koya musu, sai dai kada ku tofe yaro da addu'a sannan ku miƙa masa Dodo. Na san gajiyar da uwa take sha daga asuba har dare, kuma na san yaro mai rigima yana yin tsit in an ba shi kallo, amma wannan shirun na awa ɗaya ku ne za ku biya shi da tashin tsakar dare, shi kuma ya biya da gyangyaɗi a aji.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2019, ta ce yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi kallo, daga shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaro ɗan firamare yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Ku karɓe salula tun bayan sallar isha'i, ta kwana a wurinku. Ku duba abin da aka tura a ciki, ku goge na tsoro. Fim mai alamar 18 na manya ne, yayye da matasan gida su kalla can nesa da ƙanne. Wanda ya riga ya firgita, ku bar shi ya faɗi abin da ya gani, ku gaya masa mutane ne suka shafa fenti ana ɗaukar su hoto, ku bar masa fitila, kada a doke shi, kada kuma a saya masa ƙwayar barci a wurin masu tallar magani. Idan firgitar ta zo da zafin jiki, ko jijjiga, ko sanƙarewar wuya, ko yaron ya daina gane mutane, wannan ba na fim ba ne, ku kawo shi asibiti a daren, kada ku jira gari ya waye.