Alamomin Amosanin Gaɓɓai na Yara a Fata

Amosanin gaɓɓai na yara ciwo ne da ke kama yaro kafin ya cika shekara 16, gaɓa ta kumbura har mako 6 ko fiye ba tare da an gano wani sanadi ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan gaɓɓan. A wasu nau'o'insa yakan bayyana a fata, wani lokaci ma fatar ce ke riga gaɓa nuna alama.

Nau'in da ke mamaye jiki duka ana kiransa cutar Still, da sunan George Frederic Still, likitan yara ɗan Ingila da ya bayyana ta a 1897. Zazzaɓi kan tashi kullum, galibi da yamma, ya kai digiri 39 ko fiye, sai ƙananan tabo ja-ja marasa tudu su fito a ƙirji, ciki, cinyoyi da damatsa. Yawanci ba sa ƙaiƙayi. Da zazzaɓin ya sauka sai su ɓace ba su bar sawu ba, in kuma aka karce fata sukan jeru a kan layin karcen. Nan wahalar take: yaron da ya kwana da tabo, da safe a asibiti fatarsa sumul. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, ga shi ana saurin ɗora irin wannan zazzaɓi kan cizon sauro. Hoton da uwa ta ɗauka da waya cikin haske, daidai lokacin zafin jikin, yakan fi wa likita dogon bayani amfani.

Wani nau'in yana tafe da soriyasis: fata ta yi kauri da ɓawo fari-fari a gwiwa, gwiwar hannu, fatar kai, bayan kunne ko cibiya, har a ɗauka makero ne. Farce kan yi ƙananan ramuka ko ya ɗago daga nama, yatsa guda ya kumbura tun daga tushe har ƙarshe. Ciwon gaɓar kan iya riga na fatar da shekaru, shi ya sa likita ke tambaya ko iyaye ko 'yan'uwa na da soriyasis.

Ƙulutai masu tauri a ƙarƙashin fatar gwiwar hannu ba su da yawa. An fi ganinsu a nau'in da ke kama gaɓɓai biyar ko fiye.

Mai cutar Still da zazzaɓinsa ya daina sauka, jini ya fara kwanciya a ƙarƙashin fata ko dasashi na zubar da jini, yana bukatar asibiti nan take, domin alama ce ta garkuwar jiki ta ƙwace, kuma tana iya kisa.