Waiwaye: Gasar All England, daga zauren faretin sojoji zuwa Birmingham

Duk shekara idan watan Maris ya kama, gwanayen wasan badminton na duniya kan yi wa birnin Birmingham na Ingila tsinke domin gasar All England. Cikin manyan gasannin wannan wasa babu wadda ta kai ta tsufa, domin tun 1899 ake yin ta. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne, masu gida sun daɗe da daina cin kofin da ya fi daraja a cikinta. Rabon da namiji ɗan Ingila ya lashe wasan ɗai-ɗai tun 1938, lokacin da Ralph Nichols ya yi nasara. Amma darajar gasar ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, kuma baƙi ne suka ɗaukaka ta.

Shi kansa wasan, hafsoshin sojan Birtaniya da ke zaune a garin Poona na Indiya ne suka tsara shi a ƙarni na 19, daga baya ya samu suna daga gidan Badminton, wani katafaren gidan sarauta a yankin Gloucestershire. A 1893 aka kafa ƙungiyar wasan ta Ingila. A 1898 wani kulob a garin Guildford ya shirya gasar da kowa zai iya shiga, ta yi armashi, sai ƙungiyar ta ga ya kamata ita ma ta yi tata. A watan Afrilun 1899 aka taru a zauren faretin rundunar London Scottish da ke Landan, aka yi wasannin bibbiyu zalla: maza biyu, mata biyu, sai mace da namiji. Sai a 1900 aka shigo da wasan ɗai-ɗai, inda Sidney Smith ya ci na maza, Ethel Thomson ta ci na mata. Filin wancan lokaci ma ba irin na yau ba ne. Tsakiyarsa a tsuke take wajen raga, kamar ƙugun kalangu, sai a 1901 aka mayar da shi mai kusurwa huɗu. Sunan All England kuwa a 1902 ya kama ta.

Dalilin da ya sa tun farko ake yin ta cikin zaure yana tattare da ƙwallon. Gashin dinya ne guda 16 aka soke a jikin wani ɗan dunƙulen ɓawon itace, nauyinsa duka bai wuce giram biyar da 'yan kai ba. Iska kaɗan ta kaɗa, ta kautar da shi. Shi ya sa har gobe 'yan wasa ke fara tantance inda iskar zaure ta karkata kafin su shiga fafatawa.

Shekaru arba'in na farko, gasar ta 'yan gida ce, su da maƙwabtansu na Ailan. Cikinsu babu kamar Sir George Thomas, wanda ya tara kofi 21, adadin da har yau ba a kamo ba. Mutum ne mai baiwa biyu, domin ya kuma zama zakaran Birtaniya a darar Turawa da ake kira ces. Shi ne shugaban farko na hukumar badminton ta duniya da aka kafa a 1934, kuma shi ya ba da kofin gasar ƙasashe ta maza da ke ɗauke da sunansa. Bayansa sai Frank Devlin na Ailan da kofi 18. 'Yarsa Judy ta gaji uban, ta zo ta tara 17, goma daga ciki a wasan ɗai-ɗai na mata, mafi yawansu da tutar Amurka.

A 1939 alamar sauyi ta bayyana. Tage Madsen na Denmark ya ci kofin maza, Dorothy Walton ta Kanada ta ci na mata. Sai yaƙi ya ɓarke. Yaƙin duniya na farko ya riga ya dakatar da gasar daga 1915 zuwa 1919, na biyu kuma ya rufe ta daga 1940 zuwa 1946. Da aka dawo a 1947, a zauren Harringay, cikin wani matsanancin hunturu, wasan ƙarshe na maza tsakanin Conny Jepsen mai wakiltar Suwidin ne da Prakash Nath na Indiya. Babu ɗan gida a ciki.

A nan ne, a ganina, gasar ta samu girmanta na gaskiya. A 1949 tawagar Malaya (wadda yau take cikin Malesiya), ƙasar da a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya, ta zo Ingila ta ɗauke kofin Thomas na farko. Shekara guda bayan haka Wong Peng Soon na Malaya ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci kofin maza na All England. Ya maimaita a 1951 da 1952, ya sake dawowa a 1955 ya karɓa alhali ya haura shekara 35. Eddy Choong, ɗan Penang, gajere mai zafin nama, shi ma ya ci sau huɗu. Daga 1950 zuwa 1957 kofin bai bar hannun waɗannan mutum biyu ba. A tuna cewa a 1957 ɗin Malaya ta samu 'yancin kai. Wasan da masu mulki suka kai musu domin nishaɗin yamma, su ne suka dawo da shi babban birnin masu mulkin suna nuna yadda ake yin sa.

A wannan shekara ta 1957 gasar ta koma zauren Wembley da ke Landan, inda ta zauna har 1993, kuma a can ne aka ga zamanin da tsofaffin masoya wasan ba sa gajiya da ba da labarinsa. Erland Kops na Denmark ya ci sau bakwai tsakanin 1958 da 1967, mutane na ganin an kai ƙarshe. Sai ga wani yaro ɗan shekara 18 daga Surabaya ta Indonesiya, Rudy Hartono, ya zo a 1968 ya doke Tan Aik Huang na Malesiya a wasan ƙarshe. Daga nan ya riƙe kofin shekara bakwai a jere, har 1974. Svend Pri na Denmark ya tare shi a 1975, amma ya dawo a 1976 ya cike na takwas a kan ɗan ƙasarsa Liem Swie King. Sai an lura da wani abu kafin a gane nauyin wannan bajinta: a duk tsawon lokacin babu gasar cin kofin duniya ta ɗaiɗaikun 'yan wasa, kuma badminton bai shiga jerin wasannin Olamfik ba. Wanda ya ci All England shi ne zakaran duniya, ko da ba a rubuta haka a takarda ba.

Wannan matsayi ya sauya a 1977, da hukumar duniya ta shirya tata gasar a birnin Malmo na Suwidin. A 1992 kuma wasan ya shiga Olamfik a Barcelona. Da ma ana iya zaton tsohuwar gasar za ta dusashe, amma 'yan wasa ba su juya mata baya ba. A 1980 Prakash Padukone ya doke Liem Swie King da 15-3 da 15-10, ya kai kofin Indiya karon farko. Pullela Gopichand, wanda ya samu horo a hannunsa, ya sake kai shi a 2001, sannan ya buɗe makarantar wasan a Hyderabad wadda gwanayen matan Indiya Saina Nehwal da P.V. Sindhu suka bi ta cikinta. 'Yan ƙasar Sin sun fara zuwa a 1982, kuma a zuwan farko Zhang Ailing ta tafi da kofin mata. Kamfanin Yonex na Japan ya fara ɗaukar nauyin gasar a 1984, har yau kuma sunansa ne a jikinta. A 1994 aka kwashe kaya zuwa Birmingham.

A Birmingham ne aka sha kallon karon Lin Dan na Sin da Lee Chong Wei na Malesiya. Lin ya ci sau shida, Lee sau huɗu. Shi Lee, duk da shekarun da ya yi yana kan gaba a jerin gwanaye, bai taɓa samun zinaren Olamfik ko kofin duniya ba, don haka kofunan nan huɗu na daga cikin manyan abin da ya bari. A zamaninsu ne, a 2006, aka sauya ƙidayar maki zuwa 21, inda kowace ƙwallo da ta faɗi ke kawo maki. Tun 2018 gasar na cikin rukunin ƙoli na gasannin shekara, wanda ake kira Super 1000. Masu gida kuwa, Gillian Gilks ce mace ta ƙarshe da ta ci musu wasan ɗai-ɗai, a 1978, sai Nathan Robertson da Gail Emms da suka ci na mace da namiji a 2005.

Akwai tabo a tarihin nan na kusa, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A Maris na 2021, ana tsakiyar annobar korona, an yi gasar babu 'yan kallo. An riga an fara wasa sai hukumomin lafiya na Birtaniya suka sanar cewa an samu mai ɗauke da cutar a jirgin da ya kawo tawagar Indonesiya daga Istanbul, suka umarci a killace su kwana goma. Aka cire tawagar gaba ɗaya, har da waɗanda suka riga suka ci wasansu na zagayen farko. Ran mutanen Indonesiya ya ɓaci ƙwarai, kuma ina ganin suna da hujja, domin ƙasa ce da ta ba gasar nan Tan Joe Hok tun 1959, ta ba ta Hartono, ta ba ta Susi Susanti mai kofi huɗu. Shugaban hukumar duniya na lokacin, Poul-Erik Høyer, wanda shi ma ya ci All England a 1995 da 1996, sai da ya rubuta musu takardar ban haƙuri.

Ba su yi zuciya sun ƙaurace ba. Cikin waɗanda aka cire a 2021 akwai Jonatan Christie da Anthony Ginting, abokai da a lokacin suke atisaye a sansani ɗaya a Jakarta. Ranar 17 ga Maris, 2024, su biyun ne suka tsaya a wasan ƙarshe na maza, karon farko da 'yan Indonesiya biyu suka haɗu a wannan mataki tun karon Hariyanto Arbi da Ardy Wiranata a 1994. Christie ya ci da 21-15 da 21-14. A ranar kuma Fajar Alfian da Muhammad Rian Ardianto suka riƙe kofin maza bibbiyu da suka ci a shekarar da ta gabata.