Raguwar ji: sunan abin da ke tsakanin mai ji da kurma

Kalmar "ji" a Hausa kayanta da yawa. Da ita ake jin sauti, da ita ake jin yare, da ita ake jin yunwa, yaro mai ƙiriniya kuma a ce ba ya jin magana. Shi ya sa idan kunnen babban mutum ya soma ja da baya, sai a rasa sunan da za a ba abin. Ba a ce masa kurma ba, tunda ga shi yana amsa sallama. Sai a ce ya iya kunnen uwar shegu, ko girman kai ya shige shi, ko abin da ya ga dama kawai yake ji.

Wannan filin da ke tsakanin mai cikakken ji da kurma shi likitocin kunne ke kira raguwar ji. Ji ba ƙwan lantarki ba ne da za a ce ko a kunne ko a kashe. Hawa-hawa ne, kuma ana auna shi da ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke iya tsinkayar sauti mai desibel 20 da kunnuwansa biyu jinsa lafiya lau. Wanda sai sautin ya haura 35 kafin kunnensa mai dama-dama ya kama, to raguwar ta kai ta dagula masa harkokin yau da gobe. Rahoton hukumar na 2021 ya ce mutum sama da biliyan 1.5 ne jinsu ya ragu ko da kaɗan ne, miliyan 430 daga ciki kuma suna buƙatar kulawa.

Nau'in da ya fi rikita mutane shi ne mai tafiya sannu a hankali, bana ya fi bara, baɗi ya fi bana. Can bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai siffar katantanwa, cikinsa da ƙwayoyin halitta masu siraran gashi wajen dubu 15. Su ke karɓar girgizar sauti su mayar da ita saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa. Kuma yawanci masu kama siririn sauti ne ke fara tafiya. To ka ɗauki fara, sara, shara da tsara. Abin da ya raba su ɗan siririn sautin nan ne na farko. Idan ya ɓace, duka huɗun "ara" ne a kunnen mai sauraro, sai ya yi ta canka daga yanayin zance. Wannan ne ma'anar maganar da za ka ji masu raguwar ji suna yawan yi: ina jin muryarka, abin da kake faɗa ne ba na ganewa.

A kan kawuna na ga haka. Ya shekara sama da 20 yana tsaye a kan injin niƙa kusa da kasuwar Muda Lawal a Bauchi. Muryar maza abokansa yana kama ta, amma ta matarsa da ta jikoki sai ta riƙa zille masa, har aka fara yi masa tsegumin wai ya raina mutanen gida. Wata rana jikarsa ta ce, "Kaka, ana sallama," ya dube ta ya ce wace salla ce da hantsi. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na lura daga lokacin ya rage zama a majalisa bayan la'asar. In ya zauna ma sai gyaɗa kai, ya ga an yi dariya ya taya. A ganina nan ne ciwon yake, ya fi na kunnen zafi: mutum yana tsakiyar jama'arsa amma shi kaɗai ne.

Ƙarar inji ce ta ci nasa, kuma sauti mai desibel 85 na awa 8 kullum ya isa ya yi ɓarna, injin niƙa da janareto da lasifikar biki kuwa sukan wuce nan. Tsufa ma yana kawo raguwar ji. Akwai sanƙarau da ƙyanda da hangum, akwai kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa ba a kula ba, akwai magunguna irin su allurar gentamicin da kwinin idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. Mu a Bauchi sai mu ƙara da zazzaɓin Lassa, tunda jiharmu tana cikin waɗanda ya fi addaba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu yakan taɓa musu ji.

Wani kuma dauɗar kunne ce kawai ta toshe hanya, a wanke masa ya koma garau. Saboda haka gara gwaji da canki-canki, kuma gara gwaji da ɗiga man zafi ko cusa gashin kaza da tsinken ashana. Gwajin ba allura ba yanka: a zaunar da kai a ɗaki shiru, a sa maka abin sauraro, duk sautin da ka ji ka ɗaga hannu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa.

Kawu ya daɗe yana ƙin zuwa, don shi a tunaninsa hukunci biyu ne, ko lafiya ko kurumta. Da aka nuna masa takardar gwajin, aka ce jinsa ne ya ragu kuma ga inda ya tsaya, sai na ga kamar an sauke masa kaya. Ya sami abin faɗa wa mutane. Yanzu kafin ka buɗe baki zai ce, "Ni fa jina ya ragu, ka fuskance ni, ka yi a hankali, kada ka yi mini ihu." Gaskiyarsa ne, ihu ba ya dawo da harafin da ya ɓace, sai ma ya soki kunnen, don kunnen da ya raunana bai cika jure tsawa ba. A masallaci ya koma sahun farko inda yake ganin bakin liman. A majalisa yakan zaɓi inda haske ke kan fuskokin mutane, ya jingina da bango, nesa da titi. Kiran waya ya rage, ya ce a rubuto masa. Na'urar ƙara ji da 'ya'yansa suka haɗa kuɗi suka saya ba ta mayar da shi kamar da ba, makonnin farko ma cewa ya yi ƙarar cokula da kwanoni kawai take kawo masa, amma ya daure har ya saba, sai dai ƙorafin tsadar batir.

Injin yanzu yaransa ke kai, kuma ya sa doka ba mai tayar da shi sai ya toshe kunne. Makon jiya na same shi a ƙofar shagon, na rage murya ina ba wani labarin bashin da nake bin kawun. Ya juyo ya ce, "Ɗana, wannan kam na ji, bakinka nake kallo."