Ma'anar "ridge and furrow": kunyoyin Ingila da suka haura shekara 600

Wanda ya ratsa karkarar tsakiyar Ingila da la'asar sakaliya, wajen Leicestershire, Northamptonshire ko Warwickshire, zai ga wasu filayen kiwo sun yi tudu da kwari a jere, kamar an shimfiɗa kwanon rufi an lulluɓe shi da ciyawa. Turawa na kiran wannan "ridge and furrow", wato kunya da kwarinta. Sawun garmar manoman da ne, wasu tun kafin shekarar 1400.

Kada mai karatu ya ɗauka irin kunyar gyaɗarmu ce, wadda ake huɗawa da damina, baɗi a rushe. Faɗin wannan yakan kai mita 5 zuwa 10 ko fiye, tsawonta kusan mita 200, tudunta kuma a wani wurin har gwiwa. Babu wanda ya tara ta a rana ɗaya. Garmar shanun wancan zamani gefe guda take kifar da ƙasa, hannun dama. Manomi yakan fara daga tsakiyar rabonsa, ya je ƙarshe, ya juyo ta ɗaya gefen, ya yi ta zagayawa. Ko tafiya yake ko dawowa, tsakiyar rabon ƙasar take komawa. Bana haka, baɗi haka, ɗa ya gaji uba, har tudu ya tashi.

Abin ya dace da tsarin gonakinsu. Ƙauye yakan mallaki manyan filaye biyu ko uku marasa shinge, a bar ɗaya ya huta kowace shekara. Kowane gida yana da siraran rabo a warwatse, wani a wuri mai kyau, wani a mai jiƙa. Kwarin nan shi ne iyaka tsakanin maƙwabta, shi ne kuma magudanar ruwa, domin ƙasar yumɓu ce mai riƙe ruwa, alkama kuwa ba ta son kwana cikin taɓo.

Abin da ya fi burge ni shi ne lanƙwasar kunyoyin. Tsofaffin ba miƙaƙƙu ba ne, sun karkace a bakin biyu kamar harafin S da aka juya. Dalilin shanun ne. Garmar tana da nauyi, wani lokaci bijimai takwas ke ja, bibbiyu a karkiya. Dogon ayari irin wannan ba ya juyawa a ƙurarren wuri, don haka tun kafin a isa bakin gona sai mai kora ya fara karkatar da na gaba hagu, garma ta bi. Da wannan lanƙwasa masana ke bambanta tsohuwar kunya da ta baya-bayan nan, wadda take siririya kuma miƙaƙƙiya.

Ko ekar da muke auna fili da ita daga nan ta fito. Tsawon huɗa guda shi ne "furlong", yadi 220. A ninka shi da faɗin yadi 22, an sami eka ɗaya, gwargwadon abin da ake ganin shanu za su nome a yini.

Kunyoyin sun tsira ne a inda aka daina noma. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta rage mutane ƙwarai, gashin tumaki ya fi hatsi kawo kuɗi, masu ƙasa suka mai da gonaki makiyaya, wasu ƙauyukan ma suka watse. Daga baya aka yanka filayen aka kewaye su da shinge, shi ya sa za ka ga shingen ya ratsa kunyoyin a gicciye. Ciyawa ce ta riƙe su. Inda tarakta ta shiga, musamman tun Yaƙin Duniya na Biyu da aka matsa wa noman abinci, ta share su cikin 'yan shekaru.

A ƙauyen Laxton na Nottinghamshire har yau ana noma manyan filaye uku bisa tsohon tsarin. Kowace shekara wakilan manoma sukan zagaya fili su duba iyakoki, wanda garmarsa ta ci rabon da ba nasa ba a ci shi tara.